Ɗora emoji a fuska ba sutura ba ce

Ƙannena masu karatun ergoterapi, wato sana'ar koya wa majinyaci ko mai naƙasa yin hidimomin yau da kullum da kansa, musamman ku da za ku fara istaj (koyon aiki a asibiti) a bana, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, kuma har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Ina tsakiyar karatu aka tura ni istaj wani sashen gyaran gaɓoɓi nan Yamai. Aka haɗa ni da wata dattijuwa da hawan jini ya kayar, ɓarin damanta ya shanye. Mace ce mai kamun kai, ba ta son a ba ta abinci a baki kamar jaririya. Makonni muka yi a kan abu guda: ta kai cokali bakinta da kanta. Yatsunta ba sa iya damƙe siririn mariƙi, sai na samo tsohuwar robar tayar keke, na yanka ta siri-siri, na yi ta naɗawa a mariƙin cokalin har ya cika mata hannu. Ranar da ta ɗebi kunu ta kai baki bai zube ba, ɗiyarta ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin. Ni kuwa na ciro salula. Na ce, "Inna, in ɗauka?" Ta ce, "Ɗauki mana, ɗiyata." Da dare na ɗora emoji a fuskarta, na sa bidiyon a sitatun WhatsApp, na rubuta Alhamdulillah a ƙasa. Na kwanta ina ganin na yi aikin kirki.

Ban lura da zanen da ke jikinta ba, ashe ankon wani biki ne da duk matan unguwarsu suka ɗinka. Ban lura da zoben azurfar yatsanta ba. Guɗar ɗiyarta ma na bar ta a ciki, alhali duk wanda ya san gidan ya san wannan muryar. Sitatu awa 24 yake yi ya ɓace, haka ne, amma wata daga cikin masu lambata ta riga ta kwafe, ta tura gurup ɗin matan unguwa tana tambaya, "Wai wannan ba Hajiya ba ce?" Ashe uwar adashi ce. Iyalinta sun ce wa mutane ta yi tafiya ne, don kada hankalin masu zubi ya tashi kafin ta murmure. Kafin la'asar ɗin washegari mata sun cika ƙofar gidan, wasu dubiya, wasu neman kuɗinsu. Kuma duk sun gan ta da tsumma ɗaure a wuya, kunu a gefen baki.

Ba ta ƙara zuwa ba. Ku da kuka karanta kun san watannin farko bayan shanyewar jiki su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon motsi, musamman ukun farko. A cikin waɗannan watannin ne na kore ta da hannuna.

Da shugabar sashen ta kira ni, abin da na fara kare kaina da shi ke nan: ai ta yarda. Ta dube ni ta ce, "Ta ce ki ɗauka. Ta ce ki watsa?" Sannan ta ƙara wadda ta fi zama mini: yaushe kika taɓa ganin tsohuwar da ke kwance ta ce a'a ga mai farar riga? Mu mutanen kara ne da alkunya. Wanda kake riƙe wa hannu kullum safiya ba zai iya hana ka hoto ba, ko da ransa bai so. "To" ɗin da ya fito daga bakin mai jin nauyinka ba izini ba ne. Izini shi ne a faɗa wa mutum inda hoton zai je, da wanda zai gani, da cewa ba a iya dawo da shi, a ba shi sarari ya yi shawara da iyalinsa, a tabbatar masa ko ya ƙi ba abin da zai ragu a kulawarsa, a rubuta, kuma shugaban sashe ya sani. Ɗan istaj ma ba shi ne mai wannan hurumin ba tun farko.

Sana'armu ta fi sauran haɗari a nan. Mai hoton ƙashi ƙashi yake gani. Mu kuwa har bayan gida muke bin mutum. Mu ne muke koya wa magidanci yadda zai yi tsarki da buta da hannu ɗaya, yadda zai ɗaure zariyar wandonsa, yadda mace za ta ɗaura zane ba ta kira kishiya ba. Muna shiga gidaje, muna ganin inda ake kwana da abin da ke cikin tukunya. Duk hoton da ka ɗauka a wurin, bangon gidan yana ciki, tabarmar tana ciki, yaron maƙwabta da ya leƙo yana ciki. Yamai kuwa a ido ne take da girma. Daga Bukoki zuwa Harobanda, da wuya ka tura abu ga mutum ɗari a rasa wanda ya san mai shi. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙirƙiro salula, balle yanzu.

Kuma ba maganar kunya kaɗai ba ce. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, bayanan lafiya kuma suna cikin waɗanda aka fi tsanantawa. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019. Hoton dosiyen majinyaci da kuke turawa gurup ɗin ƴan aji don a taya ku fahimtar rubutun likita, da sunansa da shekarunsa a sama, shi ma fallasa ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya suturta musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira.

Na san abin da ke tunzura ku, don ni ma shi ya tunzura ni. Ba a san mu ba. Sana'ar nan ta samu ƙungiyarta ta farko a Amurka tun 1917, ƙungiyar duniya ta WFOT ta kafu a 1952, har rana gare mu, 27 ga Oktoba, amma a fada in ka ce ergoterapi kake karanta sai a haɗa ka da masu motsa gaɓoɓi, a ce, "A'a, kine ke nan? Zo ka yi mini tausa." Abin da ciwo. Saboda haka ban ce ku rufe shafukanku ba. Ku nuna aikin, ku bar mai jinya ya huta.

Cokalin nan nawa, da shi kaɗai na ɗauka a kan tebur, na nuna yadda ake naɗa robar, da ya amfani gidaje da yawa ba tare da an tona kowa ba. Ku shiga kasuwar Katako ku ga abin da maƙera da kafintoci za su iya haɗa muku da kuɗi kaɗan: kujera mai rami da za a ɗora a kan masai don wanda ba ya iya tsuguno, ƙarfen dafawa a bango, kujerar zaman yaron da wuyansa bai tsaya ba. Ku ɗauki wannan. Ku sa abokin karatunku ya kwaikwayi mai shanyewar ɓari, ku nuna cewa wajen sa riga hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen tuɓewa shi ne na ƙarshe. Ku nuna cewa ba a jan mutum ta shanyayyen hannu in za a tashe shi, don kafaɗar tana iya gocewa ta bar shi da ciwo mai daɗewa. Ku yi bayanin da baki, da Hausa da Zabarmanci, ba da dogon faransanci ba, don masu jinyar a gida yawancinsu saƙon murya suke saurare.

Sai maganar "Dr" da wasunku ke liƙawa gaban suna a Facebook da TikTok. Ku cire. Ko kun gama ba likitoci ba ne ku, balle kuna ɗalibai, kuma sunan sana'arku bai da abin kunya. Illar ita ce mutane suna gaskatawa. Uwa za ta rubuto muku cewa ɗanta ya shekara biyu bai zauna ba, me za ta yi masa? Ba ka ga yaron ba, ba ka taɓa shi ba, kada ka rubuta mata motsa jiki a ƙarƙashin hoto. Ka ce ta kai shi a duba. In ƙafa ce ta zo a lanƙwashe tun haihuwa, asibitin yara na CURE nan Yamai yana wannan aikin, kuma da wuri aka fi samun sa'a. In aka ce maka bakin tsoho ya karkace yanzu, hannu ya saki, magana ta harɗe, amsarka ɗaya ce: a tafi asibiti yanzun nan, kada a tsaya shafa mai.

Bidiyon tausayi kuma, wanda ake ɗora wa yaro mai naƙasa kiɗa mai sa kuka don a tara masu kallo, ba namu ba ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008. Yaron nan zai girma, ya nemi aure, bidiyon yana nan yana jiransa. Ƙorafin shugaban sashe ko na malami ma kada ku kai shi gurup. A cikin ƴan ajinku akwai mai turawa gaba, kuma mu kaɗan ne a wannan fagen, wanda ka zaga yau shi za a tambaya halinka ranar neman aiki.

Na je gidan Hajiya na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komi, ɗiyata, ƙaddara ce," ta sa aka kawo mini ruwa. Amma ba ta dawo ba. Bayan kusan shekara na gamu da ɗiyarta a kasuwar Wadata, ta ce har yanzu da cokalin nan take cin abinci, sai dai robar ta tsinke. Na naɗa wani na kai mata ranar Juma'a. Na riƙa hannun na duba. Yana nan inda muka tsaya.