Alhaji da kirik ɗin Sahara

ALHAJI: Patron, ajiye wannan kilen ka zo ka ga abu. Riƙe wayar ta gefe, kada ka shafa mata baƙin mai, ba irin taku ba ce.

MAKANIKI: Ranka ya daɗe ai kirik ne, na ɗaga mota.

ALHAJI: Kirik ne a bakinka. Dubi tayoyin nan, dubi farantin da ke ƙasansa. Mutumin nan a hamadar Amurka yake, ya ɗaga kat-kat cikin rairayi ko hularsa ba ta motsa ba. Irinsa nake so. Ga nawa can a bayan mota, sabo fil daga Kano, tan 3.

APRANTI: Patron, nan gefen an rubuta tan 3, ɗaya gefen kuma tan 2.

ALHAJI: Yaro ka yi lakwal? 3 da 2 nawa?

APRANTI: Biyar Alhaji.

ALHAJI: To tan 5 ke nan. Bakanon bai ma san abin da ya sayar mini ba, na ci shi wallahi.

Tun zamanin da Sarkin Damagaram Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano ba a taɓa samun Badamagaren da ya dawo gida ya ce Bakano ya cuce shi ba, kullum mu ne muka ci riba, ko da kuwa kayan tun a Matamai suka fara watsewa.

MAKANIKI: Ina za a je da shi ne Alhaji?

ALHAJI: Agadas. Bilma. Inda duk rairayi yake.

Motar nan dai kowa a Birni da Zango ya san ta, tun da aka saye ta ba ta taɓa sauka daga gudron ba sai ranar ɗaurin aure a Miriya, shi ma sai da aka wanke ta sau biyu da aka dawo.

MAKANIKI: To bari in gaya maka gaskiya. Wannan kirik na gareji ne, na siminti. Ka ga 'yan tayoyin ƙarfen nan? Ba don ado aka sa su ba. In kana famfo, hannun nan ba miƙewa yake yi sak sama ba, lanƙwasa yake yana tashi, dole kirik ɗin ya riƙa gangarawa yana shiga ƙarƙashin mota da kansa. A rairayi tayoyin nutsewa za su yi su kafe, shi ke nan sai kan ya zame daga pon, ƙarfen nan da ya haɗa tayoyi biyu, ko ya jawo motar ta faɗo.

ALHAJI: Shi ya sa na zo wurinka, da karatu nake so ai da jami'a na nufa.

MAKANIKI: Maganin mai sauƙi ne. Katako. Mai kauri, mai faɗi, ka shimfiɗa ka ɗora kirik a kai. Nauyin ya bazu, ba ya nutsewa. Jika biyu a Kasuwar Dole, har da canji.

ALHAJI: Me ka ce?

MAKANIKI: Katako ranka ya daɗe.

ALHAJI: Katako. Ni. Yaro zo nan, karanta mini abin da aka rubuta a bayan motar nan.

APRANTI: V8.

ALHAJI: Ƙara faɗa da ƙarfi patron ɗinka ya ji.

APRANTI: V8!

ALHAJI: V8 da katako. In tsaya a hanyar Tanut, manyan mutane na wucewa, jandarma na gani, in buɗe bayan mota in zaro katako. Su ce Alhaji ya koma kafinta. Su ce kasuwa ta karye. Gobe kafin azahar labari ya kai wa kishiyoyin ƙanwata a Gure. Ka ga Ba'amurken nan da katako?

MAKANIKI: Farantin da ke ƙasan nasa ai aikin katakon yake yi, alminiyom ne kawai.

ALHAJI: Yawwa. Alminiyom. Ka ji yadda yake da daɗi a baki? Shi za ka sa.

MAKANIKI: Babu mai kaurin a nan, sai dai tol na ƙarfe, kuma zai ƙara nauyi sosai.

ALHAJI: Nauyi ai daraja ne. Tayoyi kuma na baro za ka sa, manya, guda huɗu.

MAKANIKI: Alhaji tayar baro buhu biyu na siminti take ɗauka, kilo 100, in an matsa buhu uku ta fara kuka. Motarka ko ba kowa ciki ta haura tan 2 da rabi. Ko ƙafa ɗaya ka ɗaga, abin da zai sauka kan kirik ya ninka na baro sau da yawa, fashewa za ta yi. Sai dai taya daskararra marar iska, mai rulma, da sandar ƙarfe mai kauri a tsakiya. Kuma akwai wata matsala, duk yadda ka ƙara girman taya kirik ɗin tashi yake daga ƙasa, ita kuwa mota in tayarta ta sace sauka take yi. Ana haɗuwa a tsakiya, ba ya shiga.

ALHAJI: Zai shiga.

MAKANIKI: Bari mu auna.

ALHAJI: Kada ka auna. Awo na masu shakka ne. Kuma a kansa ka liƙa mini bututu, kamu biyu, ya ɗaga motar har in shiga ƙarƙashi a tsaye.

MAKANIKI: Subhanallahi. Ƙarin kai ana yi, amma gajere, mai cirewa, a sa masa fil ya riƙe. In ya yi tsawo mota tana motsi kaɗan zai kife. Ka shiga a tsaye ka yi me?

ALHAJI: Hoto.

Sai aka yi shiru a garejin, har mai shayin da ke bakin ƙofa ya daina fifita garwashi.

MAKANIKI: To. Kai yaro kwance famfon ka ajiye gefe kafin a sa wuta.

ALHAJI: Kwance me? Sabon abu za ku fara warware mini? Na san halinku, a kwance guda goma a mayar da takwas.

MAKANIKI: Akwai robobi a ciki masu riƙe mai. Zafin walda in ya kai gare su sun ƙone, gobe ka yi famfo har la'asar ba abin da zai tashi sai hawan jininka.

APRANTI: Patron ai babu kuran ma, tun hantsi suka ɗauke wutar.

MAKANIKI: Sai gurup. Alhaji a kawo na esansi lita biyu.

ALHAJI: Lita biyu! Ga matatar mai can a hanyar Tanut, tun 2011 take tace mai, kilomita nawa ne daga nan, amma ni ne zan saya maka esansi?

MAKANIKI: Matatar ba ta kawo mini gareji ranka ya daɗe.

ALHAJI: A jira kuran.

Aka jira kuran. Alhaji ya yi azahar a garejin, ya yi la'asar, ya sha shayin mutane kofi uku bai biya ba, ya ba apranti labarin yadda ya kusa zuwa Dubai, kuran ya zo ana kiran magariba ya yi minti kaɗan ya koma inda ya fito kamar wanda ya leƙo gaisuwar mutuwa. A ƙarshe dai aka tada gurup, da esansin da aka zuƙo daga babur ɗin apranti.

MAKANIKI: Yaro kawo ruwa mu sanyaya ƙarfen.

APRANTI: Patron wane ruwa? Famfo tun shekaranjiya iska yake bayarwa, ɗan ga-ruwa kuma ya ce sai an bi layi.

MAKANIKI: Bar shi ya huce da kansa, ya ma fi ƙwari.

ALHAJI: Ka gani, Allah ya rage mana kashe kuɗi.

Wannan kam ba sai na ce komai ba, duk wanda ya yi rani ɗaya a Damagaram ya san yadda ake kallon jarka.

MAKANIKI: Saura mai. Wanda ya zo da shi rabi ne, kuma ya yi baƙi.

ALHAJI: Akwai ragowar man birki a mota.

MAKANIKI: Man birki cinye robobin yake, su kumbura su lalace. Na kirik daban ne, man haidirolik.

ALHAJI: Baƙin man inji fa?

MAKANIKI: Ya yi kauri.

ALHAJI: Man gyaɗa? Hajiya tana da galan.

MAKANIKI: Alhaji soya kirik ɗin za mu yi?

ALHAJI: To nawa ne duka, kuma ka ji tsoron Allah.

MAKANIKI: Tol, tayoyi, sanda, mai, walda, jika 25.

ALHAJI: Jika 5 da albarka.

MAKANIKI: Albarkar wancan watan ma tana nan ban kashe ba.

ALHAJI: Bon, jika 8. Amma ka kira mai fenti, ruwan zinariya nake so, a rubuta ALHAJI SAHARA 4x4 gefe da gefe, a zana takobi biyu. Ko nawa ya ce a ba shi.

Mai fenti ya ce jika 15, Alhaji bai ko yi tari ba.

Ranar gwaji aka fita bayan gari wajen da gudron ya ƙare rairayi ya fara, Alhaji ya sha babbar riga da rawani irin na Abzin wanda bai iya naɗawa ba, ga 'yan fadar unguwa su shida a kan kabu-kabu kowa da wayarsa don an ce musu za a sa su a TikTok. Mutum biyu suka sauko da kirik ɗin suna nishi.

ALHAJI: Sace iskar tayar baya. Duka. Mu yi shi kamar gaske. Kun fara ɗauka? Jama'a assalamu alaikum, yau za ku ga abin da ko a Yamai babu.

APRANTI: Patron ba ya shiga.

ALHAJI: Tura.

APRANTI: Kansa ya fi pon ɗin tsawo Alhaji, da kusan taƙi.

ALHAJI: Juya shi.

MAKANIKI: Ko ka juya shi gabas ba zai shiga ba. Na faɗa.

ALHAJI: Ba ka faɗa da ƙarfi ba. To a ɗaga motar a sa shi.

MAKANIKI: A ɗaga ta da me?

ALHAJI: Da kirik mana.

MAKANIKI: Wanne?

ALHAJI: Ku kashe wayoyin nan.

Ba wanda ya kashe. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwar Land Cruiser buɗaɗɗiya ta taho daga arewa, fenti duk ya koɗe, jarkoki da tol biyu na fita rairayi ɗaure a gefe, Buzu ya sauko a hankali, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya har da ta 'yan fada, sannan ya tsuguna ya daɗe yana kallon abin zinariyar nan.

BUZU: Wannan na mene ne?

ALHAJI: Na Sahara ne.

BUZU: Daga can nake. Ban gamu da ɗan'uwansa ba.

Bai ƙara magana ba. Ya sa dutse gaba da bayan tayar gaba, ya ce a ja birkin hannu, ya sassauta bulon ɗin tun motar tana ƙasa, ya ɗauko shebur ya yaye rairayi kaɗan a ƙarƙashin pon, ya koma motarsa ya zaro wani ɗan kirik mai siffar kwalba da katako, wani baƙin katako duk mai, gefensa ya cinye.

ALHAJI: A'a! Ba a motata ba!

BUZU: To ka kwana nan.

ALHAJI: …Ka sa, amma ka juya shi ta inda ba a gani.

Mota ta tashi. Buzu ya tura sifiya ƙarƙashin shasi, ya ce ko kirik ya saki ta faɗa a kan wannan. Alhaji ya tattare riga zai kutsa kai.

MAKANIKI: Ina za ka? Fito! Ba a shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, roba ɗaya ce tsakaninka da tan 2 da rabi.

ALHAJI: Wuri nake dubawa. Yawwa, yanzu ai ya samu hanya. Yaro turo nawa. Kai Buzu matsa can bayan mota. Ku fara ɗauka daga nan. Jama'a kun gani da idonku, famfo ɗaya tak.

ƊAN FADA: Alhaji katakon yana fitowa a hoto.

ALHAJI: Rufe shi da ƙafarka.

Da aka gama aka zo mayar da kaya, kirik ɗin da tayoyinsa da bututunsa ya ƙi zama a bayan mota, an gwada a kwance an gwada a tsaye ƙofa ta ƙi rufuwa.

ALHAJI: Patron, in mun koma ka kwance kujerun baya. Sifiyar nan ma a bar ta gida, nauyi ya yi wa motar yawa.

MAKANIKI: In taya ta fashe a hanyar Agadas ka ɗaga mota ka sa me?

ALHAJI: Mai irin wannan kirik taya ba ta fashe masa. Kai Buzu, zo nan kusa. Nawa za ka sayar da wancan abin?

BUZU: Wanne?

ALHAJI: Kada ka nuna da hannu. Hajiya ce ke neman na yankan nama.

BUZU: Jika 10.

ALHAJI: A Dole jika biyu ne!

BUZU: Wannan ya je Bilma.