Injiniyan Gida da Ruwan Sukari

An ba 'yata aiki daga makaranta: ta gano irin ruwan da wutar lantarki ke bi ta cikinsa. Ni kuwa tun ranar da na gyara filogin dutsen guga nake jin kaina injiniya, don haka na ce ta koma gefe ta ga aikin manya.

Muka jera kofuna, muka zuba tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Ga batir mai bolt 9, ga waya, ga ɗan ƙwan fitila na LED da zai kama in wuta ta bi ta ruwan. Na tsoma bakunan wayoyin a kofin farko, shiru. Wannan bai dame ni ba, ai tataccen ruwa kusan ba ya ɗaukar wuta.

Sai na ɗauko sukari. Na ce mata abin da ke sa yaro ya hana mutane barci, ƙwai ɗaya ba zai gagare shi ba. Na zuba cokali guda na motsa, shiru. Na ƙara, na ƙara, har ruwan ya yi kauri yana bin cokali. Ƙwan nan ko ƙiftawa bai yi ba.

"Abba, malaminmu ya ce sukari..."

"Batirin ne ya mutu," na katse ta. Don in kafa hujja na ɗora kawunansa biyu a kan harshena.

Jama'a, batirin da ransa! Wani abu ya tsarga min har cikin kunne, na yi tsalle, gwiwata ta daki teburi, ruwan sukari ya malalo min a wando. Yarinya ta riƙe ciki tana dariya, wai yawu ma akwai gishiri a cikinsa, shi ya sa wuta ta samu hanya.

Ina goge wando tana karanta min daga littafinta. Gishiri idan ya narke rabuwa yake gida biyu, sodiyam mai cajin fozitif da kulorayid mai cajin negatif, kowanne ya nufi wayar da ke jan sa, kuma wannan zirga-zirgar ce ke ɗaukar wutar. Sukari kuwa yana narkewa ne da ƙwayoyinsa a dunƙule, babu caji, ko buhu ka juye. Wani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo wannan bayani a 1884, malamansa suka ba shi maki a daƙile, a 1903 kuma aka ba shi kyautar Nobel. Na ce ashe ba a kaina aka fara raina masana ba.

Ta barbaɗa gishiri kaɗan a sabon kofi, ƙwai ya kawo haske, 'yan kumfa na tasowa a jikin waya. Na ce wannan ai hasken yara ne. Na juye rabin kwalbar gishirin, na matso da wayoyin dab da juna. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya, ya mutu murus.

"Abba, na makaranta ne fa, gobe za a mayar."