Sharar nukiliya: Mutanen gari suna da hujjar ƙin yarda

Tun da wata kotun tarayya a New York ta soke dokar da ta hana zuba ruwa mai tururin nukiliya na rufaffiyar tashar lantarki ta Indian Point cikin kogin Hudson, a watan Satumban 2025, nake ta cin karo da wani irin sharhi mai ɓata mini rai. Hukuncin kansa bai ba ni mamaki ba. Tun 1954 dokar Amurka ta ɗora kula da haɗarin tururin nukiliya a wuyan gwamnatin tarayya, alƙali kuma ya ce jiha ba ta da hurumi a nan, ko da yake gwamna Kathy Hochul ta sa wa dokar hannu a 2023 ne saboda koken jama'arta. Wannan rigimar lauyoyi ce, za su ci gaba da ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne murnar masu kare masana'antar, waɗanda ke nuna cewa ilimi ne ya kayar da tsoro, kuma mazauna bakin kogin ba abin da ke damunsu illa rashin fahimta. A ganinsu, da an wayar musu da kai hankalinsu zai kwanta.

Wannan raini ne, kuma raini ne ga mutanen da suka fi kowa sanin abin da ake magana a kai, tunda su suka kwana suka tashi da tashar kusan shekara sittin.

Bari in ba masu wannan ra'ayi abin da yake nasu. Sinadarin da ake taƙaddama a kansa, tiritiyam, nau'i ne na haidirojin da ke shiga jikin ruwa ya zama ruwan kansa, shi ya sa matata ba ta kama shi. Tururinsa mai rauni ne, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, kuma tashar ta daɗe tana sakin irinsa a kogin lokacin da take aiki, bisa ƙa'idar hukuma. Ban yi musun lissafin ba. Sai dai lissafi ba ya tafiya da ƙafarsa, wani ne ke ɗauko shi ya kawo wa mutane, su kuma suna duban mai kawowar kafin su dubi takardar. To me tarihin mai kawowar ya nuna?

A 1982 majalisar dokokin Amurka ta yi doka cewa gwamnatin tarayya za ta fara kwashe ƙonannun sandunan makamashi, wato sharar da injunan nukiliya ke bari, daga tashoshi kafin ƙarshen Janairun 1998. Ba kyauta ba. An riƙa cire wani ɗan kaso daga kuɗin wutar masu amfani da lantarkin nukiliya ana tarawa, har asusun ya haura dala biliyan 40. A 1987 aka zaɓi dutsen Yucca a jihar Nevada ya zama makwancin sharar na dindindin, ba tare da yardar jihar ba, jihar da ko tashar lantarkin nukiliya ɗaya ba ta da ita. Nevada ta tirje, aka kashe biliyoyin daloli ana haƙa ana bincike, daga bisani a zamanin Obama aka yanke wa aikin kuɗi. Shekarar 1998 ta zo ta wuce. Yau akwai kimanin tan 90,000 na wannan shara a warwatse a wurare fiye da 70, gwamnati kuma ta biya kamfanonin lantarki diyyar saɓa alkawari da ta haura dala biliyan 10 daga aljihun masu biyan haraji. Mutum ya biya a takardar wuta, ya sake biya a haraji, kayan kuma suna nan a bayan gidansa.

Wanda yake son ganin ma'anar kalmar "wucin gadi" a wannan harka, ya leƙa garin Wiscasset a jihar Maine. Tashar Maine Yankee ta daina aiki tun 1996, an gama kwance ta a 2005. An rushe gine-gine, an kwashe injuna, ciyawa ta tsiro a filin. Abin da ya rage shi ne wani dandamalin kankare da aka kewaye da waya, a kansa ganguna 64 na ƙarfe da siminti a jere kamar rumbuna, kowanne tsayinsa ya haura mita biyar, masu gadi da bindiga suna zagaye su dare da rana. Ba wuta ake samarwa ba, ba aiki ake ɗauka ba, tsaro kawai. A da tashar ce ke biyan mafi yawan harajin garin, yanzu ta tafi da kuɗinta ta bar musu ajiyar da ba mai ranar karɓa. Yaron da aka haifa shekarar da aka kashe injin ya kai shekarun yin iyali, gangunan ba su motsa ba. An daɗe ana ce musu gafara sa, ba su ga ƙaho ba. Mutumin da ya ga haka da idonsa, da wace fuska za a ce masa jahilci ke damunsa?

Haka lamarin yake a Buchanan, ƙauyen da Indian Point take. Da aka rufe tashar a Afrilun 2021, ayyuka kusan dubu suka kama hanyar ɓacewa, ƙauyen ya fuskanci asarar kusan rabin kuɗin shigarsa. Kamfanin da ya gudanar da tashar ya sayar da ita ga Holtec, wanda sana'arsa kwance tsofaffin tashoshi, tare da asusun aikin mai ɗauke da fiye da dala biliyan biyu. Ba sai mutum ya yi karatun tattalin arziki zai gane inda hankalin kamfani zai karkata ba: ribarsa tana cikin abin da ya iya tsimewa da saurin da ya iya gamawa. Ajiye ruwan a tankuna na shekaru har tiritiyam ya yi sanyi kuɗi ne da lokaci, sakin sa a kogi kuwa arha ne. Wataƙila a wannan karon hanyar arha ita ce kuma marar illa. Amma mutanen gari ba su yi laifi ba da suka lura cewa mai ba su tabbacin shi ne mai cin ribar yardarsu. Masunta da masu kiwon kawa a gaɓar Cape Cod sun yi irin wannan lura game da tashar Pilgrim, wadda ita ma ke hannun kamfanin, har hukumar muhalli ta jihar Massachusetts ta hana shi izinin zubar da ruwan a 2024.

Abin da ya faru a San Onofre ya fi komai bayyana mini inda ciwon yake. Tasha ce a gaɓar Kalifoniya da aka rufe a 2013, sharar da ta bari kimanin tan 1,600 tana ajiye taku kaɗan daga bakin tekun Fasifik, a yankin da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce. Ranar 3 ga Agustan 2018 ma'aikata suna saukar da wata gangar sanduna mai nauyin kusan tan 50 cikin raminta, sai ta maƙale a wani ɗan baki na ƙarfe. Igiyoyin da ke riƙe da ita suka saki jiki, ma'aikatan suna zaton ta kai ƙasa, alhali tana rataye kusan ƙafa 18 sama da gindin ramin. Ta kusa awa guda a haka kafin a ankara. Allah ya kiyaye, ba ta faɗi ba. Amma jama'a ba daga bakin kamfani suka fara jin labarin ba. Kwana shida bayan haka wani ma'aikacin wurin ne ya miƙe a taron jama'ar yankin ya fasa ƙwai. Tarar da hukuma ta ci kamfanin lantarkin da ya mallaki tashar daga baya dala 116,000 ce. Wanda ya zauna a ɗakin taron nan ya ji wannan da kunnensa, in gobe aka zo masa da takardar ƙididdiga ya yi jinkirin amincewa, hankali ya yi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Kada a ɗauka halin Amurka ne kaɗai. Jamusawa, da duk sunan da suka yi a tsari, sun jibge ganguna kusan 126,000 na sharar nukiliya a tsohuwar mahaƙar gishiri ta Asse tsakanin 1967 da 1978, da sunan bincike, ana tabbatar wa maƙwabta cewa ruwa ba zai shiga ba. Daga 1988 ruwa ya fara shiga, kimanin lita 12,000 a kullum. Sai a 2013 majalisa ta yi dokar a kwaso gangunan, aikin da aka sa wa ranar farawa a 2033. A Japan kuwa, gwamnati da kamfanin TEPCO, mai tashar nukiliyar Fukushima da ta yi haɗari, sun yi wa masuntan yankin alkawari a rubuce a 2015 cewa ba za a zubar da ruwan tashar ba sai da fahimtar waɗanda abin ya shafa. Ranar 24 ga Agustan 2023 aka buɗe famfo, ƙungiyar masuntan tana nan kan bakanta na ƙin yarda. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce ruwan ya cika ƙa'ida, ban kuma ƙaryata ta ba. Amma alkawari kaya ne, kuma an sauke shi a gaban idon kowa.

Masu cewa maganin abin shi ne a rufe tashoshi gaba ɗaya ba su warware komai ba: Jamus ta kashe injunanta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, sharar tana nan daram a ma'ajiyoyin wucin gadi, wurin binnewa da aka ce za a zaɓa a 2031 kuma hukumar da ke neman wurin da kanta ta ce zai iya kai wa 2046 ko 2068. Masu cewa sababbin injuna za su cinye tsohuwar shara kuwa sun shekara fiye da hamsin suna faɗa.

Ƙasa ɗaya ce ta kusa kai ga gaci, kuma yadda ta yi ya rushe hujjar masu raina mutanen gari. A Finland, doka ta ba ƙaramar hukumar da za a binne shara a ƙasarta ikon cewa a'a, kuma a'arta ta zauna. Ba gwamnati ba kamfani, ba mai iya tsallake ta. Da mutane suka tabbatar ƙofar fita a buɗe take, sai suka zauna suka saurara. A 2000 majalisar garin Eurajoki ta amince da ƙuri'a 20 da 7, majalisar ƙasa ta tabbatar a 2001, aka haƙa ramin da ake kira Onkalo cikin dutse, zurfin fiye da mita 400, inda za a sa sandunan cikin tukwanen tagulla a lulluɓe da yumɓu, da nufin su zauna shekara 100,000. Mutanen Eurajoki ba su fi na Nevada ilimin kimiyya ba. An tambaye su ne kafin a yanke hukunci, waɗancan kuwa sanar da su aka yi bayan an gama. Suwidin ta bi irin wannan hanya, ta fara ginin nata a Forsmark a farkon 2025. Ostireliya ta bi ɗaya hanyar, ta zaɓi wuri kusa da garin Kimba ba tare da sa ƙabilar Barngarla, masu asalin ƙasar, cikin ƙuri'ar jin ra'ayi ba, kotu ta rushe zaɓin a 2023, shekarun aiki suka bi ruwa. Dole ba ta ma da sauri, balle a ce don sauri ake yin ta.

Abin da ya sa nake ɗaga murya yanzu shi ne ana shirin ƙara lodi a kan jakin da bai sauke na farko ba. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe fiye da 20 suka yi alkawarin ninka ƙarfin nukiliya sau uku kafin 2050. Kamfanonin fasaha masu ƙishirwar lantarki suna farfaɗo da tashoshin da aka rufe, Microsoft ma ya ƙulla yarjejeniyar tayar da wani injin tashar Three Mile Island da ke Amurka. Ba na adawa da wutar da ba ta fitar da hayaƙi, duniya tana buƙatarta. Amma injunan nukiliya fiye da 200 aka rufe a duniya zuwa yanzu, waɗanda aka gama kwancewa ba su kai talatin ba. Birtaniya ta ƙiyasta share Sellafield, babbar cibiyar sharar nukiliyarta, kaɗai zai ci fam biliyan 136, ya kuma kai shekarar 2125. Sinadarin fulutoniyam da ke cikin sandunan nan sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace, lasisin gangar da aka zuba shi a ciki kuwa na shekara 40 ne, sai a sabunta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan masana'anta ta yi tafiyar shekara saba'in ba ta fafe ba, kuma har yanzu wasu suna da bakin zargin mai tambaya.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A ba garuruwa ikon ƙin yarda irin na Finland, a rubuce cikin doka. A bar su su ɗauki nasu masu awo, kamfani ya biya, sakamako ya fito fili. Garin da aka mayar ma'ajiya ba da sonsa ba a biya shi kuɗin ajiya duk shekara har ranar da aka kwashe. Kuma duk mai neman lasisin sabuwar tasha ya fara nuna ramin da sharar za ta.

Rigimar ruwan Indian Point za ta ƙare, ko a kotun ɗaukaka ƙara ko a cikin kogi. Gangunan sanduna fiye da ɗari da ke tsaye a kan dandamalin tashar, a gaɓar Hudson, su ne ba wanda ya gaya wa mutanen Buchanan ranar tafiyarsu, domin babu wanda ya san inda za a kai su.