Fim ɗina na farko ya fito a takardar ƙosai

Mu 'yan Garwa ta arewacin Kamaru fim ɗin Hausa a dafe yake zuwa mana daga Kano. Da can a faifai ake shigo da shi ta Yola, yanzu kuwa a waya muke kallo, ko a tashar Arewa24 ga mai tauraron ɗan adam. Namu kallo ne da musu: wane ya iya kuka, wance ba ta iya rawa ba. To, da na gama jarrabawar bakaloriya ina zaman jiran sakamako a shagon atamfar Baba, sai aljanin rubutu ya hau kaina. Na ce ai maganganun nan da jarumai ke zubawa wani ne ya zauna ya rubuta musu, kuma ba kai biyu gare shi ba.

Na sami Baba yana auna yadi, na ce, "Baba, marubucin fim zan zama."

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Wa ke biya?"

Na gyara tsayuwa na kawo masa hujja. Na ce ga Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe nan maƙwabtanmu Cadi, ya karɓo kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2010, a 2017 kuma aka naɗa shi ministan al'adu. Na ce a Wagadugu tun 1969 ake bikin fina-finai na FESPACO, a Yawunde ma akwai Ecrans Noirs tun 1997. Baba ya sa almakashi ya yanke yadinsa, ya ce, "Madalla. In ka zama minista ka tuna ana bin shagon nan kuɗin wuta."

Ni dai na ɗauki wannan a matsayin izini.

Ƙa'idojin sana'ar a YouTube na koye su, da Faransanci, da datar da nake saya da canjin cefane. Shafi ɗaya na senariyo, wato rubutaccen labarin fim, kusan minti ɗaya ne a fim, shi ya sa cikakken fim yake cin shafi 90 zuwa 120, kuma da harafin Courier mai lamba 12 ake bugawa don lissafin ya daidaita. Kowace fitowa sai ka ɗora mata kai: CIKI ko WAJE, sunan wurin, RANA ko DARE. Sunan mai magana da manyan baƙaƙe. Ba ka rubuta abin da ke zuciyar mutum, sai abin da kyamara za ta gani ko makirufo zai ji. Sannan komai ana rubuta shi kamar yanzu-yanzu yake faruwa a gabanka, babu "ga ta nan ga ta nanku", babu "wai", babu "ƙurunƙus". Ku riƙe wannan ta ƙarshen, za ta yi mana amfani.

Labarina na farko na zuba masa dukiya. Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a kan gadar Binuwai. Filin wasa na Rumde Ajiya ya cika maƙil irin cikar da ya yi a gasar cin kofin Afirka a 2022, jarumi na tsakiya yana neman budurwarsa. Daga nan sai Dubai. Na kai wa wani yayanmu na unguwa mai ɗaukar bidiyon biki, don shi kaɗai na sani da kyamara. Ya karanta da biro a hannu, duk layin da ya wuce sai ya rubuta kuɗi a gefe. Da ya zo inda na ce "ruwan sama ya tsuge" sai ya tambaye ni wa zai biya tankar ruwa in an zo ɗauka da rani.

"Ƙanena," in ji shi, "duk layin da ka rubuta, wani ne zai sa hannu a aljihu. Ni kyamara ɗaya gare ni, fitila biyu, janareta ma aro nake yi. Rubuto min gida ɗaya, mutum huɗu, rikici ɗaya. Kuma mutanenka suna magana kamar masu karanta labarai a rediyo. Je ka saurari yadda mutane ke magana."

Shawara ce ta ƙwararre, na kuwa bi ta sau da ƙafa. Gida ɗaya: namu, a Yelwa. Rikici ɗaya: maigida zai ƙara aure a ɓoye. Saurare kuwa, na zama yaron kirki dare ɗaya. Ni ke dafa wa Baba da abokansa shayi a gindin dogon yaro bayan la'asar, ina zuba na ɗaya, na biyu, na uku, waya na kan cinya ina dannawa. Ni ke taya Inna tsinke zogale in maƙwabta sun shigo hira. Har Inna ta fara yi min addu'a a bainar jama'a, wai Allah ya shirya mata ni.

Sunaye ne kawai suka ba ni wahala. Duk wanda na ƙirƙiro sai in ji bai zauna a baki ba. Sai na sa wa maigidan sunan Baba, Alhaji Hamadu, uwargida sunan Inna, Asabe, amarya kuma Ladidi, wata bazawara mai sayar da turaren wuta a bayan layinmu, da niyyar in canza su in na gama. Manyan marubuta ma na tabbata haka suke yi.

Da na kammala na kai sakatariyar bakin kasuwa aka buga min, shafi 72, kowanne sefa 50. Kuɗin, sefa 3,600, wurin Goggo na ranta, ƙanwar Baba da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida kullum safe. Na dawo na ɗora takardun a kan tagar zaure don in kai wa mai kyamara da hantsi, na kwanta barcin wanda ya gama aikin duniya.

Goggo dama da tsofaffin takardun makarantata take naɗe ƙosai. Da asuba takarda ta ƙare mata, ta aiki autanmu ya dubo, shi kuma ya ga sababbi fes a taga. Tsarin Goggo kuwa ba ya canzawa: mai ƙosan sefa 100 rabin shafi, mai na 500 shafi guda cur. Wato a safiyar nan masu hali sun fi talakawa sanin abin da ke faruwa a gidanmu.

Wanda ya fara isowa telan unguwa ne, riƙe da takarda ta jiƙe da mai. Ga abin da ke ciki:

CIKI. ƊAKIN ALHAJI HAMADU. DARE.
Alhaji Hamadu yana ƙirga kuɗin sadaki, yana leƙen ƙofa.
ALHAJI HAMADU
Ranar Juma'a za a ɗaura. Kada Asabe ta ji sai an shafa fatiha.

Ya tarar da Baba a zaure yana shan kunu, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ɗinkin dai kada a kai wa bare." Baba ya amsa da amin, don a zatonsa maganar sabon kayan da ya sauke ce. Tela bai tashi ba sai ga wani dattijo abokin Baba, hula a karkace, yana salati tun daga bakin layi. Shi rabonsa shafi na 61 ne, inda aka rubuta WAJE. MAƘABARTA. RANA, ana saka Alhaji Hamadu a kabari. A labarina mafarki ne uwargida take yi, kuma na rubuta MAFARKI ɓaro-ɓaro a sama, sai dai wannan rabin ya tafi da ƙosan wani ɗan makaranta. Dattijon ya shigo zaure da "Allah ya jiƙan..." a bakinsa, suka haɗa ido da mamacin, ludayi a hannu. Takalminsa ɗaya sai da azahar aka aika masa.

Ni duk wannan ina barci. Muryar yayan Ladidi ce ta tashe ni. Shi ba auren ne ya ɓata masa rai ba, ya ma ce Alhaji mutumin kirki ne, kowa zai so haɗa zuri'a da shi. Abin da ya kawo shi sadakin ne. Sefa 25,000 na rubuta, don mai kyamara ya ce in riƙa tausaya wa aljihu. Yana kaɗa takardar a fuskar Baba yana cewa, "Ƙanwata akuya ce? Kuma a ce sai a takardar ƙosai zan ji?"

A cikin gida kuwa matan unguwa sun riga sun yi abin da ko a Kano sai an biya mutum ya yi. Sun tattaro shafuka gida-gida, sun shimfiɗa a tabarma, sun jera su bisa lamba, rabi da rabi suna haɗawa da tabon mai. Inna ajami take karantawa, don haka ƙanwata aka sa tana karantowa da ƙarfi, munafukar har da canza murya. Na fito daidai lokacin da ta zo kan wannan:

ALHAJI HAMADU
Shekara talatin ina cin miyar tafasa iri ɗaya. Ko fursuna ai ana canza masa.

Tsakar gida ta yi tsit. Inna ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Auren ƙarya ne, na san hankalinka. Mutuwar ma ƙarya ce. Amma wannan ba kai ka ƙirƙira ba. Wannan bakin babanku ne."

Jama'a, in faɗa muku gaskiya, a tsakiyar tashin hankalin nan sai da na ji daɗi. Mai kyamara ya ce in sa mutanena su yi magana irin ta mutane, ga shi wadda ta fi kowa sanin jarumin ta shaida.

Da la'asar aka kira Kawu, yayan Inna, aka zauna. Aka ce in yi bayani. Na ce senariyo kashi uku ne: na farko a gabatar da mutane, na biyu rikici ya yi ta hauhawa, na uku a warware. Kawu ya ce, "To yanzu muna wane kashi?" Na ce, "Na biyu, Kawu." Na kuma nuna cewa wanda ya ɗauki takarda ba da izini ba shi ya kamata a fara tuhuma. Goggo ta ce takardar da aka buga da kuɗinta tata ce har sai an biya ta, kuma ita ba ta ga abin faɗa ba, tun da take tuya ƙosanta bai taɓa ƙarewa kafin ƙarfe takwas ba sai yau. Ta tambaya ko akwai na biyu.

Hukuncin da aka yanke shi ne in bi gida-gida in karɓo sauran shafukan, in kuma faɗa da bakina cewa babu aure, babu mutuwa. Wasu suka ce ba za su bayar ba sai na gaya musu ƙarshen labarin. Tela ya ce a sa shi a fim ɗin ko a mai gadi ne. Ladidi ta aiko da cewa in za a ɗauka ita za ta fito a kanta, amma a gyara sadakin. A gida kuwa sati guda Inna na yi wa kowa miyar kuɓewa da busasshen kifi, Baba kaɗai ake kai wa ta tafasa a kwano daban.

Ana cikin satin ne, muna rufe shago da magariba, Baba na ninke wata atamfa, ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Kai, zo nan. A ƙarshen labarin naka, ita Ladidin ta yarda?"

Na ce amsar tana shafi na 72, shi kuwa yana wurin Inna, ta kulle a adakarta.

Ya ce, "To, bar shi a can. Jawo ƙofar."