Ga ɗan'uwan da zai shiga intabiyun girin kad da matarsa Basiniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa mazauna Amurka, wannan nasiha ta shafi waɗanda Allah Ya haɗa jininsu da 'ya'yan Sinawa, ko a wajen fatauci a Guangzhou aka haɗu, ko a jami'a, ko a wurin aiki. An ɗaura aure, an cike fom I-130 da I-485 na nema wa amarya girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, yanzu takarda ta iso daga USCIS, hukumar kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa, mai ɗauke da rana da lokacin intabiyu. Daga nan sai barci ya ƙaurace wa ido. Sai ka ga mutum ya kwaso tambayoyi daga intanet, ya zaunar da iyalinsa bayan Isha'i suna hadda: wane launi ne buroshin haƙorinki, wane gefen gado nake kwanciya, me muka ci daren jiya.

Bita ba laifi ba ce. Amma ɗan'uwa, tsaya ka ji. Abu guda jami'in nan yake so ya gane: auren nan na gaske ne, ko na takarda? Wannan tambaya kuwa Allah Ya riga shi yi maka ita. Hadisin farko da muka haddace a Islamiyya, wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, bai tsaya a "ayyuka suna tare da niyya" ba. Ƙarshensa cewa ya yi wanda hijirarsa ta kasance don duniyar da zai samu, ko don macen da zai aura, to hijirarsa tana ga abin da ya yi hijira dominsa. Hijira da aure a hadisi ɗaya. Kafin ka tsara fayil, zauna kai kaɗai ka tambayi zuciyarka me ya sa ka auri baiwar Allah nan.

In amsar ita ce kuɗi aka ba ka, ko kai ka biya don a yi "auren kwangila", to rubutun nan ba zai koya maka dabarar tsallakewa ba. Annabi (SAW) ya ce abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya kira aure alkawari mai kauri. Dokar ƙasar ma ba ta ɗauke shi da wasa ba. Tun 1986 aka tsaurara ta, kuma hukuncin auren bogi yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, sannan wanda aka nema wa katin ba za a sake amincewa da wata takardar neman zama da wani zai shigar dominsa ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Janye takardun, ka tuba, ka nemi lauya.

Wata magana mai nauyi, gara ka ji ta daga bakin ɗan'uwanka. Ayar Ma'ida ta halatta mana auren mata kamammu daga Ahlul Kitabi, ayar Baƙara kuma ta hana auren mushrikai har sai sun yi imani. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, irin su 'yan ƙabilar Hui, akwai Kiristoci, amma da yawa mabiya addinin Buda ne ko kuma ba su da addini sam. Takardar auren da magatakardan birni ya buga wa hatimi ta wadatar da USCIS, ba ta wadatar da shari'a ba. In kana da shakka a kan matsayin aurenka, je wurin malami masani tun yanzu. Kada kuma a tilasta wa mace kalmar shahada don biki ya yi kyau. A koya mata, a yi haƙuri da ita, ta ga Musulunci a halinka.

To, ga mai auren gaskiya.

Ranar intabiyu, kafin ku zauna, za a ce ku ɗaga hannun dama ku yi alkawarin faɗin gaskiya. Wasu suna ɗauka tunda ba Alƙur'ani aka dafa ba, kuma wanda ke bayan teburin ba Musulmi ba ne, ƙaramar ƙarya ba komai. Wa ya ba da wannan fatawar? Ku tuna Ka'abu ɗan Malik. Da Annabi (SAW) ya dawo daga Tabuka, mutum tamanin da 'yan kai waɗanda ba su fita yaƙin ba suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu suka tafi. Ka'abu ma bai fita yaƙin ba, kuma mai fasahar harshe ne, da ya so da ya tsara zance ya kuɓuta. Sai ya ce ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace musu shi da Murara da Hilal har kwana 50, a kwana na 40 ma aka ce su nisanci matansu. Ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci. Bayan nan ayoyin Tauba suka sauka da karɓar tubansu, ayar da ke biye kuma ta ce ku ji tsoron Allah ku kasance tare da masu gaskiya. Gaskiyar Ka'abu ba ta biya shi a ranar ba, sai da ya jira. Kai ma tana iya jawo maka jinkiri, a ce ku kawo ƙarin takardu, ko a sake kiranku. Ka yarda da wannan tun daga gida.

Wurare biyu ne na fi ji wa mutanenmu tsoro. Na farko naka ne: uwargida da ke gida, a Kano ko Kumasi ko Maradi. Addini ya halatta maka huɗu, dokar Amurka ba ta san wannan ba, kuma fom ɗin yana tambayar duk auren da kowannenku ya taɓa yi da yadda ya ƙare. In kun rabu, ana son takardar hukuma, "na sake ta ta waya" ba hujja ba ce a wurinsu. In ba ku rabu ba ka ɓoye, ka yaudari hukuma, ka yaudari amarya, ka kuma shafe sunan uwar 'ya'yanka da alƙalami kamar ba a taɓa yin ta ba. Zalunci uku a layi ɗaya na fom. Wannan sai lauya da malami sun zauna a kai kafin a shigar da komai.

Na biyu nata ne. Fom I-485 yana tambaya ko mutum ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Kwaminis ko wata ƙungiya da ke da alaƙa da ita. Yara da yawa a Sin suna shiga ƙungiyar matasan jam'iyyar tun suna sakandare, daga shekara 14, wasu kuma sun karɓi katin jam'iyya a jami'a don neman aiki. Sai miji ya ce, "Rubuta a'a kawai, wa zai sani?" Kada ka ɗora mata wannan. Dokar tana da sassauci ga wanda ya shiga yana ƙasa da shekara 16, ko bisa tilas, ko don neman abin sawa a baka, akwai kuma afuwa da matar ɗan ƙasa za ta iya nema. Ƙaryar da aka yi da gangan ita ce take rufe ƙofa, wani lokaci har abada. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sauran shirin duk sanin juna ne, wanda dama wajibi ne a kanka ko babu intabiyu. Ka san cikakken sunan surukinka da surukarka, ka iya furta su? Ka san a wurinsu sunan zuriya ne yake zuwa farko, kuma mace ba ta canza shi don ta yi aure? (Mu ma haka Suratul Ahzab ta koyar, a kira kowa da sunan ubansa.) Ka san lardinsu da garinsu, ko "China" kawai ka sani? Wasu iyalan suna bikin ranar haihuwa da lissafin wata, don haka ranar da surukarka take bugo waya ta WeChat tana taya ta murna tana iya saɓa wa wadda ke cikin fasfo. In jami'i ya tambaya, ka faɗi ta fasfo, ka yi bayanin ɗayar. Mutumin da ya shekara biyu da mace bai san tana da ƙane ko ba ta da shi ba, matsalarsa ta girmi USCIS. Allah Ya ce Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna, kuma Ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyinSa, a ayar da ke bin ayar soyayya da jinƙai tsakanin ma'aurata a Suratur Rum.

Kunyarmu ma tana iya ba mu matsala. Bahaushe bai saba riƙe hannun matarsa a bainar jama'a ba, bai cika ɗaukar hoto da ita ba, wani ko sunanta ba ya kira. Kada ka ƙirƙiri abin da ba halinka ba don ka burge jami'i. In asusunku na banki daban-daban ne saboda dukiyar mace tata ce a Musulunci, faɗi haka, ka nuna abin da kuka haɗa: takardar haya mai sunayenku biyu, inshorar lafiya, harajin da kuka cike tare, tikitin tafiyar da kuka yi gaida iyayenta, hoton ɗaurin aure a masallaci, takardar haihuwar ɗanku in akwai. Takardunta na gida, kamar shaidar haihuwa daga ofishin notari, su zo da fassarar Turanci wadda mai fassara ya sa wa hannu. Ku riƙe na asali da kwafi.

In Turancinta bai nuna ba, ku nemi tafinta baligi wanda ya iya harshen da take ji sosai, don Mandarin daban, Kantonis daban. Kada ka ce kai za ka fassara mata, kuma kada ka amsa tambayar da ita aka yi wa. Wannan ɗabi'ar ta "bari ni zan yi magana" ka bar ta a mota. Abin da ka manta, ka ce ka manta. In jami'i bai gamsu ba, yana iya raba ku ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya ya gwama amsoshin, abin da ake kira intabiyun Stokes. A nan hadda take watsewa, don ba ka san ta inda za a ɓullo ba.

Daren ranar ku yi sallah, ku roƙi Allah da addu'ar Annabi Musa, Ya buɗa ƙirji, Ya sauƙaƙa al'amari, Ya warware ƙullin harshe. Ku kwanta da wuri, ku isa kafin lokaci. In ta firgita ta rikice a gaban jami'i, kada ka harare ta, kada kuma ka yi mata faɗa a hanyar komawa. Ta bar iyayenta a wata nahiya ta biyo ka.

Ku sani kuma, in aurenku bai cika shekara 2 ba a ranar da aka amince, katin wucin gadi na shekara 2 za a ba ta. Cikin kwana 90 kafin ya ƙare za ku shigar da fom I-751 tare, da sabbin shaidun cewa har yanzu kuna zaune a matsayin mata da miji. Kada katin ya zama sandar da kake ɗaga mata duk lokacin da kuka saɓa, kana cewa "ni na kawo ki, ni zan mayar da ke." Allah Ya hana riƙe mata don cutarwa, kuma dokar ta ba wadda aka zalunta damar shigar da fom ɗin ita kaɗai ba da sa hannunka ba.

Allah Ya ba masu shiga sa'a, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.