Da na ƙara rabo ɗaya

Lambar da ta kunyata ni a gaban aji ita ce 4,294,967,297. Samunta ba wuya: ka jera 2 guda 32, ka ninka su duka, ka ƙara 1. Abin da ya rage a sani shi ne ko tana cikin lambobin nan masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu.

Na san masanin lissafi Pierre de Fermat na Faransa ya yi zato a 1640 cewa duk lambobin wannan dangi, wato waɗanda ake samu idan an jera 2 guda 1, ko 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, an ninka, an ƙara 1, haka suke, domin 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537 duk sun ƙi rabuwa. Farkon labarin na riƙe, ƙarshensa kuwa ya shige mini duhu. Sai na ce bari in gwada ta shida, wato wannan lamba tamu, da hannuna.

Da farko abin kamar wasa. Ƙarshenta 7 ne, don haka 2 da 5 sun fita. Na tara alƙalumanta suka ba ni 59, 3 ma ta fita. Daga nan aka shiga dogon rabo a takarda, domin kalkuletata gurbi takwas gare ta, lambar kuwa goma. Na bi 7, 11, 13, ina tafiya, kowace sai ta bar saura. Dare uku ina wannan aiki. Da na kai 631, wadda ita ce ta 115 a jerin masu taurin kai, idona ya yi ja, biro ya ƙare, na ce ai Fermat ba yaro ba ne.

Washegari na rubuta ta a allo, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ce wa ɗalibai ba ta rabuwa. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, an gwada 641?"

Muka gwada a allo, ina fatan saura ko da 1 ne. Ta shiga sau 6,700,417 cif. Kuma 641 ita ce ke bin 631 a jeri, babu wata a tsakaninsu.

Abin da ya fi ci mini rai, wahalar ma ta banza ce. Masanin lissafi Leonhard Euler ya gano wannan tun 1732, ya kuma nuna cewa duk lamba mai taurin kai da za ta raba ta, dole idan ka cire mata 1 ta rabu da 64. Tace su haka, sai ka ga 193, 257, 449, 577, sannan 641. Rabo biyar ke nan. Ko ma da 631 ba ta cika sharaɗin ba. Wanda kuma zai bi hanyata da gaskiya, ba shi da izinin tsayawa sai ya kai 65,536, domin ita ce idan aka ninka ta da kanta take kaiwa dab da lambar.

Na goge layukan nan biyu, na rubuta cewa masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Yarinyar ta sake ɗaga hannu, wai ko za mu gwada ta bakwai, mai alƙaluma 20. Na ce ta buɗe shafi na gaba.