"Suna hanya": amsar da ke cinye jarin 'yan kasuwar Maradi

Shiga babbar kasuwar Maradi ka tambayi mai sari yaushe shinkafa ko man girki ko tayar babur za su iso. Amsa ɗaya ce: "Suna hanya." A da, idan Alhaji ya faɗi haka, ya riga ya ƙirga kwanakin a yatsunsa. Yau shi kansa bai san ranar ba, direban ma bai sani ba. A ganina wannan rashin sanin rana ya fi tsadar gazuwal da kuɗin duwan (kwastan) yi wa kasuwancinmu illa, amma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Maradi ba ta da teku, hanya ce arzikinta. Shekara da shekaru kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin, su hau tirela su bi Paraku, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, su biyo Doso da Ƙonni su iso nan. Wani kaso ya tsaya, wani ya wuce ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. A kan wannan zirga-zirga Alhazan Maradi suka yi suna. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa takunkumi, iyakoki suka rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a toshe bisa dalilan tsaro da hukumomin Yamai suka bayar. Kaya suka koma Lome ta ƙasar Togo, suna ratso Burkina Faso ta garuruwan Kaya da Dori, su shigo Nijar ta Tera, cikin ayari, da rakiyar soja. In sun iso Yamai kuma, da sauran tafiyar fiye da kilomita 600 kafin su ga Maradi.

Tsawon hanya ana iya lissafa shi a ɗora a kan farashi. Jira ne ba ya lissafuwa. Tirela ta yi lodi, amma ba za ta motsa ba sai ayari ya haɗu, sai masu rakiya sun shirya. Duk kwanan da ta yi a tsaye, direba da yaron mota sai sun ci, kamfanin jirgin ruwa yana ƙirga tarar jinkirin mayar masa da kwantena, wanda ya ba da bashi yana kiran waya. Ɗauki ɗan kasuwar da ke juya jarinsa sau ɗaya a wata. In kaya suka koma yin wata uku, juyi huɗu zai yi a shekara maimakon 12. Ko dai ya ninka ribar da yake ɗorawa a kowane buhu, ko ya rufe magaza. Mai sayen tiya ɗaya a bakin kasuwa ne ke biyan bambancin.

Wani maƙwabcina mai sayar da kayan gyaran babur ya taɓa buɗe min littafinsa. Shafi guda cike da sunayen makanikai da suka ba da kafin alƙalami, gefen kowane suna ya rubuta ranar da ya yi alkawari, ya soke, ya sake rubuta wata, ya sake sokewa. Ya ce, "Malam, ba kuɗin ne ke damuna ba, yanzu in na ce gobe, dariya suke yi." Ɗan kasuwar da gobensa ta zama abin dariya ya yi asarar da ba ta shiga littafi.

Daga nan kuma ake samun rikicin ɓoye kaya. Gaskiya akwai masu kulle sito suna jiran farashi ya hau, kuma ba na kare su. Amma wanda bai san ranar zuwan lodi na gaba ba dole ya riƙa fitar da na hannunsa kaɗan-kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma in ta kasa bambanta mai tanadi da mai ɓoyo, za ta tsorata kowa ya daina ajiya, ranar da hanya ta sake tsayawa kuma a tarar da sito fayau.

Mun ga irin haka a man fetur. Shekaru muna dogaro da ruwa-ruwa, wato man fasa-ƙwauri, daga Najeriya ba tare da mun sa shi a lissafi ba. Da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya faɗa kan matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana. Layukan gidajen mai na Maris 2025 ba su zo da mamaki ba ga mai lura.

Yanzu ido na kan layin dogo na Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita kusan 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke gina shi. Ina cikin masu ɗokinsa, domin wake da aya da riɗi da fatun jar akuya za su samu mafita mai sauƙi. Sai dai mu tuna Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da umarni guda. Jirgin ƙasa ma a iyaka zai tsaya in aka sake irin haka, matuƙar babu yarjejeniya a rubuce kan wucewar kaya da kuma wurin sauke kwantena da biyan duwan a nan Maradi.

Kafin jirgi ya iso, akwai abin da ba ya cin ko dala. Duwan da ƙungiyoyin masu motoci da majalisar 'yan kasuwa su fitar da jadawalin ayari: sau nawa a wata, mota nawa, wa ke gaba a layi. Ba sai an bayyana sa'ar tashi ba, tsaro na da hujjarsa. A sanar kuma da adadin kwanakin da kowane ayari ya yi daga Lome zuwa Yamai, a manna a ofis, a karanta a rediyo, yadda ake karanta farashin hatsi. Maƙwabcina zai samu ranar da zai rubuta a gefen sunan makanike, da biro maimakon fensir.